Lilon Tsakar Gidan Tartsatsi

A layin da shagonsa yake, babu wanda ke kiransa da wani suna sai Tartsatsi. Wasu sun ce sana'arsa ce ta jawo masa, tunda mai walda ne, daga safe zuwa yamma wuta ke fallatsa a ƙofar shagon. Mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Kaka, ta ce ba haka ba ne, tun yana goye haka yake. Kafin ka ce masa zauna ya kai bakin titi. Ita ce ke faɗa wa baƙi cewa ɗan nata bai taɓa bari shayi ya huce ba, shi ya sa har ya girma harshensa bai san ɗanɗanon komai ba sai zafi.

Ubansa mai gyaran kekuna ne, a gindinsa ya koyi riƙe sifana. Daga nan ya koma wajen wani mai ƙera ƙofofi, ya daɗe yana kankare tsatsa kafin a yarda a ba shi gilashin walda ya sa a fuska. Da ya tsaya da ƙafarsa sai ya kama ɗan shago tsakanin mai gyaran firji da mai sayar da fenti. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, ƙafar tankin ruwa, duk yana yi, kuma abin da ya liƙa ba ya ɓallewa. Aibinsa biyu ne, gaggawa da baki. Ba wai tsegumi yake yi ba. Magana mai daɗi ce ba ta iya kwana a cikinsa. In ya sayo wa matarsa yadi don ya ba ta mamaki, tun daga bakin ƙofa zai fara cewa, "Kada wanda ya leƙa ledar nan, musamman masu son shuɗi."

Matar tasa malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata. Ƙofar makarantarsu aka taɓa kiransa ya gyara. Ya gyara kafin azahar, amma ya yi ta dawowa duba ta, yau ya zuba mai, gobe ya ƙwanƙwasa, har shugaban makarantar ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ƙofar nan ta warke. In wata ƙofar kake nema, gidan su yarinyar yana bayan asibiti."

Allah ya ba su 'ya'ya uku. Babbar mace ce, ana ce mata Lauya, don ba ta manta abin da ka faɗa, kuma za ta maimaita maka shi ranar da ba ka so. Mai bi mata namiji ne, Rediyo, wanda tun da ya koyi magana ba a samu inda ake kashe shi ba. Sai Auta, 'yar ƙarama da ba ta shiga aji ɗaya ba tukuna.

Wata ranar hutun ƙarshen mako ƙanen Malama, wanda ke aiki a wani birni mai nisa, ya bugo waya. Ya ce in an yi dogon hutun ƙarshen shekarar karatu su tattaro gaba ɗaya, har da Kaka, su zo wajensa. Kusa da unguwarsu akwai wani ƙaton wurin wasanni, irin wanda ake wuni ba a gama zagayawa ba, mai lilo iri-iri, da ƙatuwar taya mai ɗaga mutane sama, da jirgin da ke hawa tudun ƙarfe ya sulalo da gudu. A lokacin ko wata guda ba a yi da komawa makaranta ba.

Malama ta ajiye wayar, ta ja ƙofar ɗaki, ta dubi mijinta.

"Baban yara, don Allah. Watanni ne a gabanmu. Kada yaran nan su ji sai abin ya matso."

"Haba Malama, ni yaro ne?"

"Ban ce kai yaro ba ne. Na ce kada su ji."

"Bakina ƙanin ƙafata," in ji shi, har da dafa ƙirji.

Ya yi ƙoƙari, wannan ba a hana shi. Ya fita shago, ya dawo, ya ci abincin rana yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya tsinci wani abu. Da yamma Rediyo da Auta suka hau faɗa a kan wata tsohuwar tayar keke da suke garawa a tsakar gida. Tartsatsi ya fito raba su, ya ɗaga tayar sama ya ce, "Kai, ku dubi abin da kuke wa kuka! Wannan 'yar tayar? Ku da za ku hau wadda ta fi ginin asibiti tsawo?"

Lauya ta ɗago kai daga aikin makarantarta.

"Wace taya, Baba?"

Daga kicin aka ji an ajiye murfin tukunya a hankali. Malama ta leƙo, ludayi a hannu. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Wanda ya ɗauro kura shi ya san yadda zai kwance ta," ta koma ciki.

Dole Tartsatsi ya zazzage musu labarin tafiyar. Kafin rana ta faɗi Rediyo ya sanar da layin gaba ɗaya, har da mai gyaran firji da ke shirin rufe shago. Lauya ta ari wayar uwarta ta nemo bidiyon wurin, ta haddace kowane lilo da abin da yake yi wa mutum. Jirgin nan mai sulalowa ta raɗa masa suna Macijin Ƙarfe, ta kuma sanar cewa a kujerar gaba za ta zauna, ba za ta riƙe komai ba. Auta kuwa ta shige ɗaki. Ta ɗauko 'yar jakarta, ta zuba takalmi ƙafa ɗaya, da cokali, da 'yar tsanarta, ta je ta zauna a bakin ƙofa.

Tun daga nan safiyar Tartsatsi ta canza. Kafin ya gama buɗe ido zai ga fuska a saitin hancinsa.

"Baba, yau ne?"

"Ba yau ba ne, Autata."

"Gobe?"

"Ba gobe ba."

"To jiya?"

Ya gwada yi mata bayanin wata da mako, ya ga kamar yana zuba ruwa a kwando. Ya ce sai an yi hutu, Rediyo ya ce ai ranar Asabar ma hutu ce. Ya ce sai an yi jarrabawa, Lauya ta ce an yi musu gwajin lissafi shekaranjiya. Ya kai ƙara wajen Malama, ta ce ita yara arba'in take fama da su a aji, waɗannan ukun nasa ne.

Ana cikin haka haƙorin Rediyo na gaba ya faɗi. Tartsatsi ya dubi giɓin, dabara ta faɗo masa. Ya tuna shi da ya yi irin wannan giɓin yana yaro, kusan shekara ya yi iska na shiga. Ya tara su ya ce, "Kun ga wurin nan? Ranar da sabon haƙori ya fito, ranar za mu tafi. Kada wanda ya ƙara tambayata. Ku tambayi bakin Rediyo."

Abin ya yi aiki kamar me. Aka bar shi ya yi barcinsa, aka koma kan Rediyo. Kullum da safe Auta za ta hau kansa ta buɗe masa baki da yatsu, Lauya ta haska da tocilan, su duba su rufe. Rediyo, wanda bai taɓa samun masu sauraron bakinsa haka ba, ya riƙa tafiya yana buɗe shi ko ba a tambaya ba. Tartsatsi ya je shago yana yabon kansa wajen mai fenti, ya ce renon yara basira ce, ba karatu ba.

Bai gama cin ribar basirar ba, wata safiya ihu ya tashe shi. Su uku suka faɗo ɗakin, Rediyo a tsakiya, baki a hangame. A kan dasashin ga wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa.

"Ya fito! Baba, ya fito!"

Tartsatsi ya murza ido, ya duba, ya sake dubawa. "Wannan ai leƙowa ya yi. Cewa na yi in ya fito gaba ɗaya."

"A'a, Baba," in ji Lauya. "Cewa ka yi ranar da sabon haƙori ya fito. Ba ka ce gaba ɗaya ba. Mama tana wurin."

"Ina wurin," in ji Malama daga gaban madubi, tana ɗaura ɗankwali.

"To ai nufina sai ya kamo ɗan'uwansa na kusa tsawo."

"Ɗan'uwan nasa ma yana girgiɗi," in ji Rediyo, ya sa harshe ya karkaɗa shi don kowa ya gani.

Kaka, da hayaniyar ta fito da ita, ta ji yadda aka yi ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, giɓinka da ya daɗe ai ba faɗuwa haƙorin ya yi ba. Daga kan keken mutane ka faɗo ka fasa shi tun lokacinsa bai yi ba."

Dariya kowa ya yi, ban da Auta. Ita ta riga ta ɗauko jakarta, ta sa takalma a juye, ta tsaya a bakin ƙofa. Da ta gane ba inda za a je, ba ta yi irin kukan nan na birgima ba. Hawaye kawai suka riƙa zuba, ta dubi ubanta ta ce, "Ka ce."

Wannan kalmar ta bi shi har shago. Ranar sau biyu yana auna ƙarfe ba daidai ba. Da ya dawo ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, ya kira sauran, ya ce, "Tafiyar nan da nisa. Da nisa sosai. Za ku gaji da jira, ni ma zan gaji. Haƙori ba shi da laifi, ni ne na ɗora masa abin da ba aikinsa ba."

"To me za mu yi kafin nan?" in ji Rediyo.

Kaka ce, tana tsintar shinkafa a tire, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Tukunyar da aka tsare da ido ba ta tafasa. Ka ba su abin yi mana. Kai lokacin da ka ishe mu, ba sifana ubanka ya miƙa maka ba?"

Asabar ta gaba ya kai su shago. Ya share ƙasa, ya ɗauki alli ya zana da'ira, ya ja layuka daga tsakiya, ya zana kujeru huɗu. Ya ce lilo za su ƙera, mai juyawa, nasu na kansu, a kafa a tsakar gida. Ya gindaya sharuɗɗa: ba a aiki sai ranar Asabar, kowa da hannunsa a ciki, kuma in ya kunna injin walda kowa ya juya baya ya kalli shagon mai firji. Bayan shagon akwai tarin ragowar ƙarafa, guntayen faif, da wani boris na tsohuwar mota, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa. Yaran suka yi Asabar guda suna tonon abin da zai yi amfani, suka koma gida kamar an tsamo su daga bututun hayaƙi. Malama ta dube su, ta dubi farar rigar Auta, ta miƙa wa mijinta sabulu da bokiti.

Abin da bai hango ba shi ne, dabarar shi za ta fi gasawa. Aikin da zai gama cikin yini biyu, ga shi an shimfiɗa shi a kan watanni. Auta za ta riƙe samfefar goge ƙarfe ta yi ta shafa wuri ɗaya kamar mai lallashin kyanwa. Rediyo zai ɗauko noti, kafin ya kawo ya tsaya ba mai fenti labari, ya manta inda ya ajiye. Tartsatsi yana tsaye, hannuwa a baya, yana cije leɓe. Sauran ranakun mako kuwa ƙarafan suna jingine a lungu suna kallonsa. Wata Talata da aiki ya yi sauƙi, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi har ya kasa daurewa, ya liƙa kujeru biyu. Ya ce a ransa ba wanda zai lura.

Ranar Asabar, Lauya ko gama shigowa shagon ba ta yi ba ta tsaya. "Wa ya taɓa mana lilo?"

"Wataƙila mai firji ne," in ji shi.

"Mai firji bai iya walda ba."

Auta ta fara taɓe baki, don an yi mata alkawarin ita za ta nuna inda kujerarta za ta zauna. Haka Tartsatsi ya ɗauko injin yanka, ya ɓalle aikin da ya yi da hannunsa, mai firji yana leƙe yana dariya har da riƙe ciki. Aka jira Auta ta zagaya ta zagaya, ta nuna daidai wurin da kujerar take tun farko.

A irin wannan Asabar ɗin ne, bayan an aiki Rediyo da Auta gida su kawo ruwan sha, Lauya ta tsaya da gugar da take yi.

"Baba, walda tana ɓallewa?"

"Ta wasu. Tawa ba ta ɓallewa."

"Ta Macijin Ƙarfe fa? Ai ba kai ka yi ba."

Ya buɗe baki zai yi mata wasa, sai ya ga ba ta kallonsa, samfefar take murzawa a tsakanin yatsu.

"In mutum yana sama ya ce a tsayar, ana tsayarwa?" ta ƙara tambaya.

Ya ajiye gudumar ya zauna a kan bencin kusa da ita. A hankali maganar ta fito. Tun ranar da ta kalli bidiyon tsoro ke kama ta in ta tuna. Ko matakalar benen makarantarsu ba ta son leƙa ƙasa. Amma ta riga ta cika baki a gida da makaranta, ta ce kujerar gaba, ta ce ba riƙo. In ta fasa, Rediyo zai watsa ta har a bakin titi. Kowa yana ɗokin ranar ta zo, ita kuwa addu'a take kada ta yi saurin zuwa.

"Kada ka gaya wa kowa, Baba. Ko Mama." Ta dube shi da idon wanda ya san da wa yake magana. "Don Allah. Kai ne fa."

Wannan "kai ne fa" ɗin ya fi masa zafi da ƙunar walda. Bai dafa ƙirji ba wannan karon. Ya ce, "To."

Makonnin da suka biyo baya ya sha wuya. Maganar ta riƙa taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta da ruwa. Malama ta lura mijinta yana fara zance ya yanke, ya tashi ya fita duba abin da ba ya buƙatar dubawa.

"Baban yara, me kake ɓoyewa? Ka kumbura kamar burodi."

"Ba komai."

"Ka sayo wani abu ne?"

"A'a."

Ta zuba masa ido, tana jiran abin ya fashe kamar kullum. Bai fashe ba. Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Aka gama lilon bayan an yi hutun tsakiyar shekara an koma. Fentin kowa da zaɓinsa, don haka ya fito da launuka huɗu da ba sa ga maciji da juna. Aka kafa shi a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da famfo, yaran maƙwabta suka cika ƙofa. Tartsatsi ya ce ba yaron da zai hau sai maƙerin ya gwada. Ya zauna a kujera mai ruwan ɗorawa, gwiwoyinsa har haɓa, ya ce a juya. A ransa ya shirya zai ɗan nuna tsoro na ƙarya, don ya rage wa Lauya nauyi.

Bai buƙaci ƙarya ba. Rediyo da abokansa suka kama ƙarfen suka zuba da gudu. Boris ɗin nan ya sha mai, lilo ya ɗauka kamar fanka. A zagaye na farko Tartsatsi yana ɗaga hannu. Can sai famfo da igiyar shanya da fuskar Kaka suka haɗe suka zama abu ɗaya.

"Ya isa! Kai, ya isa! Ku tsayar, don girman Allah!"

Da aka tsayar ya miƙe da niyyar tafiya irin ta manya. Ƙafarsa ta dama ta nufi ɗaki, ta hagu ta nufi ƙofar gida, shi kuma ya bi ta tsakiya ya rungumi zanen gadon da Malama ta shanya, suka tafi tare cikin bahon wanki. Yaran layi suka kwashe da dariya har wasu na zama a ƙasa. Kaka tana share hawaye tana cewa, "Wannan ne za a kai wurin Macijin Ƙarfe? Ku bar shi a gida ya tsare mana kaji."

Yana zaune cikin kumfa, duniya na ci gaba da juya masa, ya hango Lauya. Ita kaɗai ba ta dariya sosai. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "To kun gani. Ni dai ba zan je garin mutane in kunyata ba. Dole a horar da ni. Lauya, ke ce mai hankali, ke za ki riƙa hawa da ni kullum, a hankali a hankali, har in saba."

Haka aka yi. Kullum in ya taso daga shago, kafin ya wanke hannu, shi da ita za su zauna a kujeru masu fuskantar juna, Auta ta tura su da iyakacin ƙarfinta, wanda bai fi na iska ba. Daga baya aka ba Rediyo dama, da sharaɗin ba gudu. Lauya za ta riƙa ba shi umarni da babbar murya: "Baba, kada ka kalli ƙasa. Ka kalli fuskata. Ka ja numfashi." Shi kuma yana kallon yadda hannunta ke sassauta riƙon ƙarfen mako bayan mako. Ranar Lahadi sukan je gadar masu tafiya a ƙafa da ke kan babban titi, wai don a koya wa Baba leƙa ƙasa. Duk layin ya ɗauka cewa mai walda matsoraci ne, har mai firji ya riƙa tambayarsa ko a kawo masa kujera in zai hau benci. Ya shanye.

Tambayar "yau ne?" ba ta mutu ba, amma ta rage zuwa. Rediyo ya naɗa kansa mai kula da layin masu hawa lilo, yana yanka tikiti da ganyen bishiya, yana korar wanda ya yi tsallake. Auta ta kwashe kayan jakarta ɗaya bayan ɗaya saboda tana buƙatar cokalin. Sabbin haƙoran Rediyo suka fito manya-manya kamar ƙofar gareji ba wanda ya kula. Sai ga jarrabawa ta zo, ta wuce, aka wayi gari Malama ce da kanta ke cewa a fito da akwatuna.

Tafiyar mota ce mai tsawo, Rediyo ya yi magana tun daga tasha har ƙofar gidan kawunsa. Washegari da hantsi suka shiga wurin wasannin. Ya fi yadda bidiyo ya nuna girma, ga kiɗa, ga ihu ta ko'ina. Auta, wadda ta fi kowa ɗoki, ta ga wani ɗan tafki da agwagi a kusa da ƙofar shiga, ta tsuguna, ta ce ita nan ta zo. Da ƙyar aka ɗaga ta. Kaka ta samu benci a inuwa ta karɓi jakunkunan kowa. Rediyo kuwa aka auna shi a jikin sandar da ke bakin Macijin Ƙarfe aka ce tsawonsa bai kai ba, ya bi kawunsa wajen motocin karo yana ƙorafi.

Saura uba da 'ya a layi. Ƙarfen ya tashi sama har sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Duk lokacin da jirgin ya wuce ta kansu, ƙasa sai ta yi rawa. Lauya ta ƙanƙame hannunsa. Ya sunkuya ya duba gindin wani ginshiƙi da ke kusa da layin, ya shafa mahaɗar da yatsa.

"Wanda ya yi wannan ya iya," ya ce mata a hankali. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Amma in kin ce mu juya, sai in ce cikina ne ya murɗa. Kowa zai yarda."

Layin ya matsa, suka matsa. Sannan ta ce, "Ba kujerar gaba ba. Ta tsakiya."

"Ta tsakiya," in ji shi.

Abin da ya faru a sama, daga bakin Lauya aka ji, don shi tun da jirgin ya fara hawa ya rufe ido, bai buɗe ba sai da ma'aikacin wurin ya taɓa kafaɗarsa. Ta ce ita ta yi ihu sau ɗaya, daga nan dariya ta kama ta, saboda Baba ya karanto duk addu'ar da ya sani, da ta ƙare ya koma kiran Kaka. Ta sauko fuskarta na walƙiya tana cewa a sake. Shi ya sauko yana dafa ƙarfe, ya taka ƙasa ya ji zafin siminti a tafin ƙafa ɗaya. Takalminsa na hagu ya tafi tun a lanƙwasa ta biyu.

Ma'aikatan suka ce ba a shiga ƙarƙashin jirgi sai an tashi aiki. Aka zagaya shagunan wurin neman takalmi, ba a samu mai shiga ƙafarsa ba sai wani silifa mai laushi, ruwan hoda, da kunnuwan zomo a tsaye. Ya dubi silifan, ya dubi simintin da ke tururi, ya zura.

Haka ya wuni, ƙaton mutum mai tabon wuta a hannuwa, kunnuwan zomo na karkaɗawa duk inda ya taka. Malama ta ɗauke shi hoto ta gaba da ta baya, ta ce na mai firji ne. Auta ta bar agwagin ta koma bin ƙafafunsa tana yi musu magana. Da suka zo wucewa ta gaban benci, Kaka ta kare ido da hannu ta ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa.

"Sannu, ɗan nan," ta ce. "Zo ka zauna ka huta, kafin zomayen nan su ga ciyawa su gudu da kai."